Fartanya da Tauraro: Darasi a kan Zaɓen Majalisar Jihar Arewa

Karatu: Ayyukan Manzanni 27:9-44

Duk sa'ad da zaɓe ya kusato, akwai wata magana da a kan ji a bakin 'yan'uwa a ƙasar Bungudu, da Gusau, da Tsafe. Su kan ce, "Mu nawa ne? Ko mun jefa ƙuri'a ko ba mu jefa ba, wanda zai ci shi zai ci." Daga wannan magana abu biyu ke fitowa. Wani ya kan zauna gida ranar zaɓe, ko ya saɓi gatarinsa ya nufi gona. Wani kuwa ya ce tun da ƙuri'ar ba ta da amfani, gara ya karɓi turmin atamfa ko kuɗin cefane a kanta, kada ya tashi a tutar babu. Dukansu biyu lissafi ɗaya suka yi, watau abin da ba shi da yawa ba shi da daraja.

Gaskiya ne mu kaɗan ne. Ba wanda zai ƙidaya masu bi na Zamfara ya ce su ne za su naɗa gwamna. Amma kafin mu yarda da wancan lissafi, bari mu duba wata shawara da aka yi a bakin teku a zamanin manzanni, sa'an nan mu duba zaɓen da kakanninmu suka gani da idonsu a 1956 da 1961.

Shawara a bakin teku

A cikin surar da muka karanta Manzo Bulus ɗan sarƙa ne, ana kai shi Roma a hannun wani jarumi mai suna Yuliyas. Jirginsu ya tsaya a wata mashiga ta tsibirin Karita, lokacin tafiya a teku kuwa ya ƙure, gama watannin sanyi da manyan iskoki sun gabato. Sai aka zauna shawara, a tsaya ko a ci gaba. Bulus ya gargaɗe su kada a tashi. Amma jarumin ya fi sauraron matuƙin jirgin da mai jirgin, mafi yawan mutane kuma suka goyi bayan tafiya. Kada mu yi saurin ce da su wawaye. Suna da hujja. Wurin ba shi da daɗin zaman hunturu, akwai wani mafi kyau a gaba kaɗan, su masana teku ne, Bulus kuwa maɗinkin alfarwa. Har iska mai laushi ta taso daga kudu kamar tana shaida musu. Da a zamaninmu ne, da an ce an yi ƙuri'a an ka da Bulus.

Mun san abin da ya biyo baya. Guguwa ta ɗauke jirgin kwana goma sha huɗu, da mutum 276 a ciki, har suka fid da rai. To, ga abin da na ke so mai karatu ya lura da shi. Bulus bai koma gefe ya naɗe hannu yana jiran jirgi ya nutse domin a san shi ne mai gaskiya ba. Ina zai yi haka, shi ma yana ciki? Ya yi addu'a, ya ƙarfafa musu zuciya, ya sa suka ci abinci. Da ma'aikatan jirgin suka so su sulale cikin kwalekwale su bar sauran, Bulus ya sāke yin magana, wannan karo kuwa jarumin ya ji, soja suka yanke igiyoyin. Me ya sa ya ji yanzu? Domin ya tuna wanda ya faɗi gaskiya a Karita. Da Bulus ya yi shiru a rana ta fari, ya ce shi ɗan sarƙa ɗaya ne wa zai ji shi, da ba shi da bakin magana a dare na goma sha huɗu.

Ku riƙe wannan a zuciya, mu dawo gida.

Kafin a san Jihar Zamfara

Yaranmu sun tashi sun tarar da Majalisar Dokoki a Gusau, suna tsammani haka abin ya ke tun fil azal. Ba haka ba ne. A 1996 aka yi Jihar Zamfara. A zamanin da mu ke magana Arewa duka jiha ɗaya ce, tun daga Sakkwato har Barno, tun daga Katsina har Ilori da Makurɗi, babban birninta Kaduna, an kuwa raba ta larduna goma sha biyu. Bungudu gunduma ce a ƙarƙashin En'en Sakkwato, Sarkin Musulmi Abubakar na Uku yana kan gado, shi da ya yi shekara hamsin, daga 1938 zuwa 1988. A Kaduna akwai majalisa biyu, ta Sarakuna da ta Wakilai. Ta Wakilai ita ce a ke shiga ta hanyar zaɓe.

Wannan gefe namu na gabashin lardi ya bambanta da birnin Sakkwato. Jirgin ƙasa daga Zariya ya bi ta Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ya kawo cinikin gyaɗa da auduga, ya kawo baƙi da jaridu da sababbin maganganu. Sardauna Ahmadu Bello kansa a Gusau ya koyi mulki, gama a 1938 aka aiko shi ya kula da gundumomin gabas. A nan ne ma aka zarge shi a kan kuɗin jangali a 1943, kotun Sarkin Musulmi ta same shi da laifi, ya ɗaukaka ƙara zuwa Zariya aka wanke shi. Watau mutumin da zai zama Firimiya a 1954 ya riga ya ɗanɗana abin da a ke nufi da zama kai kaɗai a gaban masu iko.

Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda a ke kira N.P.C., ba da sunan siyasa ta fara ba. Ƙungiya ce ta 'yan boko, shugabanta na fari kuwa Kirista ne, Likita R. A. B. Dikko, wanda ya tashi a hannun mishan a Zariya, likita na farko daga Arewa. Asibitin Barau Dikko na Kaduna sunansa ne. Mutane da yawa ba su san wannan ba. Sai a watan Oktoba 1951 ta zama jam'iyyar siyasa, ma'aikatan gwamnati irin su Dikko suka janye, Sardauna da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka fito gaba. Alamarta fartanya, gaisuwarta "Salama".

Kishiyarta ita ce N.E.P.U., ko Nefu kamar yadda bakin mutane ya saba, wadda aka kafa a Kano ran 8 ga Agusta 1950, Malam Aminu Kano ya zama shugabanta daga baya. Alamarta tauraro, kirarinta "Sawaba". Kukanta a kan aikin tilas ne, da zaluncin haraji, da shari'ar da ba ta duban talaka. Teloli da mahauta da 'yan kasuwa da malaman allo su ne ƙarfinta, a lardin nan kuwa a Gusau da Ƙauran Namoda ta fi samun gindin zama.

Ta uku ita ce ta mutanen tsakiyar ƙasa, wajen Jos da Binuwai da kudancin Zariya da Adamawa, inda ekklesiya ta fi yawa. Ta fara a 1949, Fasto David Lot na Panyam yana cikin shugabanninta, ta sāke suna, har a 1955 aka haɗa ta da wata aka kira ta U.M.B.C. Abin da ta ke nema shi ne a yanka musu jiharsu dabam.

Ɗari cikin ɗari da talatin da ɗaya

Zaɓen farko na 1951 zaɓe ne hawa-hawa. Maza masu biyan haraji su taru a ƙauye, a fili, gaban dagaci, su fid da waɗansu. Waɗannan su tafi gunduma su fid da waɗansu, a yi ta hawa har a kai taron lardi, inda a ke zaɓen waɗanda za su tafi Kaduna. A hawan ƙarshe kuma an yarda wa En'e ta ƙara mutanenta, ɗaya bisa goma na taron. Kamar a tankaɗe gari ne sau uku ko huɗu da rariyar mutum ɗaya. N.E.P.U. ta yi rawar gani a hawan farko a birnin Kano, amma cikin kujeru 90 na majalisar ba ta sami ko ɗaya ba.

A watan Nuwamba 1956 aka sāke zaɓe. Kujeru yanzu 131 ne. A waɗansu 'yan manyan garuruwa aka yarda mutum ya jefa ƙuri'arsa kai tsaye, sauran ƙasa kuwa aka ci gaba da hawa-hawa. Da aka gama ƙidaya, N.P.C. ta kwashe kujeru 100. Sauran 31 aka raba su: U.M.B.C. ta sami wajen goma, N.E.P.U. da abokiyar tafiyarta ta samarin Barno ba su kai goma ba, saura na jam'iyyar Awolowo ce, watau A.G., da talakawan Ilori, da waɗanda suka tsaya da ƙafarsu. Malam Aminu Kano kansa bai ci ba. Wanda ya zama shugaban 'yan hamayya a majalisar shi ne Ibrahim Imam na Yerwa, wanda dā shi ne magatakardan N.P.C. kafin ya fita a 1954.

Me ya kawo wannan rinjaye? Kada mu ba da amsa rabi. Mutane da yawa sun zaɓi fartanya da zuciya ɗaya. Suna ganin mutanen kudu sun riga mu ilimin boko, suna tsoron in Turawa suka tafi ofisoshin Arewa za su cika da baƙi, Sardauna kuwa ya yi alkawarin sa 'yan Arewa a ciki, ya kuma cika. Wannan hujja ce, kamar hujjar matuƙin jirgi. Amma akwai ɗaya rabin. Mafi yawan waɗanda N.P.C. ta tsayar hakimai ne, da 'ya'yan sarauta, da ma'aikatan En'e. En'e ce ke yanka haraji. 'Yan doka nata ne, alƙali nata ne, gidan yari nata ne, ba a kuwa yarda lauya ya tsaya a gaban alƙali ba. Wanda ke so ya yi lacca sai ya nemi izni daga wurinta. To, a ce wa manomi ya ɗaga hannu a bainar jama'a, dagaci yana kallo, ya ƙi ɗan hakimi. Mutum nawa za su iya? 'Yan Nefu da yawa sun sha bulala da ɗauri a kan abin da bai kai ya kawo ba. Saboda haka kujeru ɗari ba su gaya mana zuciyar mutane duka ba. Sun gaya mana ƙauna da tsoro a haɗe, ba wanda kuwa zai iya rarrabe su yanzu.

Abin da 'yan kujerun suka saya

A majalisa, mutum talatin ba su iya hana mutum ɗari yin doka. Har waɗansu daga cikinsu suka gaji suka canja sheƙa. Fasto Lot da mutanensa suka ga gara a yi aiki tare da gwamnati, shi kansa ya zama minista, waɗansu kuwa suka bi Joseph Tarka, malamin makaranta daga ƙasar Tibi, wanda ya karɓi shugabancin U.M.B.C. a 1957, suka ƙulla da A.G. Mai duban sama-sama sai ya ce ƙuri'un nan sun tafi a banza.

Amma a watan Mayu 1957 aka buɗe taron tsarin mulki a London, domin a shirya yadda Nijeriya za ta sami 'yancin kai. Ba masu mulki kaɗai aka kira ba. Jam'iyyun hamayya ma an ba su wurin zama, gama zaɓe ya nuna akwai mutane a bayansu. Aminu Kano ya je, Tarka ya je. A can kukan ƙananan kabilu na Arewa ya haɗu da irinsa daga Gabas da Yamma, har gwamnatin Ingila ta ga ba dama a toshe kunne. Sai ta naɗa kwamiti a ƙarƙashin Sir Henry Willink ya zaga ƙasar ya ji tsoron da 'yan tsiraru ke yi. Shugabannin ekklesiyoyi da na mishan suka kai nasu kukan a kan 'yancin sujada da wa'azi da filin gina ɗakin addu'a.

Rahoton ya fito a 1958. Bai ba su jihar da suka roƙa ba. Abin da ya ce shi ne a rubuta haƙƙoƙin kowane mutum cikin tsarin mulki, inda gwamnati ba za ta iya share su da ƙuri'ar kwana ɗaya ba. Haka kuwa aka yi, suka shiga tsarin mulkin 1960. Cikinsu akwai 'yancin mutum ya riƙe addininsa, ya sāke shi in ya ga dama, ya kuma koyar da shi. Tsarin mulki ya canja sau da yawa tun daga lokacin, amma wannan ya bi ya bi har ya zo cikin na 1999, a sashe na 38. Ba na ce kujerun 1956 su kaɗai suka kawo shi ba. Amma da majalisar Kaduna ta fito fartanya 131, da wa zai ce akwai mai kuka a Arewa?

Ku dubi wanda ya fi cin moriyar abin. Ba mutumin Panyam ba ne, inda masu bi ke da yawa. Kai ne, ɗan'uwa na Kwatarkwashi ko Nahuce, wanda kai kaɗai ne mai bi a dangi. Taswirar jihar da U.M.B.C. ta roƙa ba ta kawo nan ba. Da an ba su ita a 1958, da mu an bar mu a baya ba kowa. Abin da aka ba su a madadinta shi ne ya rufe mu duka. Na sani rubutu a takarda dabam, aiki da shi dabam, ikilisiyoyi da yawa a jihar nan sun san wahalar neman fili. Duk da haka wanda ke da takarda a hannu ya fi wanda ba shi da ita.

An ƙara sirri, hamayya ta ragu

Arewa ta sami mulkin kai ran 15 ga Maris 1959. Ran 12 ga Disamba na shekarar aka yi zaɓen majalisar ƙasa ta Ikko, shi ne kuwa karo na fari da kowane namiji baligi a Arewa ya jefa ƙuri'a kai tsaye, a ɓoye. A kan ba mutum takarda ya shiga ɗaki shi kaɗai, ya tarar da akwatuna, kowane da alamarsa, ya jefa a wanda ya ke so. Cikin kujeru 174 na Arewa, N.P.C. ta sami 134, A.G. da U.M.B.C. 25, N.E.P.U. 8.

A nan akwai lissafin da ya kamata kowane mai karatu ya gane. N.P.C. ta sami ƙuri'a wajen miliyan biyu, N.E.P.U. kuwa sama da rabin miliyan. Watau duk inda mutum huɗu suka zaɓi fartanya, akwai ɗaya da ya zaɓi tauraro. Amma kujeru 134 ne da 8. Yaya haka? Domin a irin zaɓen da muka gada daga Ingila, wanda ya fi ko da ƙuri'a ɗaya shi ke ɗauke kujerar duka. A ce mazaɓa tana da mutum ɗari, 51 suka bi wannan, 49 suka bi wancan. A majalisa ba za ka ga alamar 49 ɗin nan ba. Suna nan, amma kujera ba ta nuna su. Shi ya sa in ka ji a rediyo jam'iyya kaza ta share jiha kaf, kada ka ce kai kaɗai ka rage. Mai kujerar kuwa ya san lissafin ko da kai ba ka sani ba. Wanda ya ci da tazarar mutum biyu ba ya raina ƙauyen da ke da gida goma.

Sai zaɓen Majalisar Arewa na watan Mayu 1961, wata bakwai bayan 'yancin kai. Kujeru 170. N.P.C. ta ɗauki 160, A.G. da U.M.B.C. 9, N.E.P.U. ɗaya tak. Abin mamaki, ƙuri'a ta zama ta sirri, hamayya kuwa ta ragu daga 31 zuwa 10. Dalilai suna da yawa. Yanzu hanya da rijiya da asibiti da rance duk a hannun gwamnatin Kaduna su ke, kowane gari kuwa ya koyi cewa mai ƙin fartanya zai daɗe yana jiran rijiya. 'Yan Nefu sun rikice, gama abokiyar ƙawancensu N.C.N.C. ta shiga gwamnati da N.P.C. a Ikko, shugabansu yana zaune a gefen gwamnati can, su kuwa ana ɗaure su a nan. Talaka kuma bai gaskata da sirrin ba. An daɗe ana kallonsa, ya ɗauka ko a cikin ɗaki ma akwai ido. Har wani ya kan fito da takardarsa a aljihu bai jefa ba, ya sayar wa wakilin jam'iyya a bayan gida. Ashe cinikin ƙuri'a ba jiya aka fara shi ba.

Akwai labari ɗaya cikin zaɓen 1961 da na ke so a riƙa gaya wa matasanmu. Ibrahim Imam, wanda na ambata, an karya jam'iyyarsa a Barno, ba shi da wurin tsayawa a gida. Sai mutanen Tibi suka tsayar da shi a ƙasarsu, suka zaɓe shi. Babarbare ne, Musulmi, ba yarensu ɗaya ba, ba addininsu ɗaya ba. Sun duba abin da zai faɗa a majalisa ne, ba inda ya ke sujada ba. Ba na yabon dukan abin da ya faru a ƙasar Tibi, gama a 1960 da 1964 fushi ya kai ga ƙone gidaje da zub da jini, wannan kuwa huda jirgi ne da kai ma kana ciki. Amma a kan wannan kujera ɗaya sun fi da yawa daga cikinmu hankali.

Majalisar da ba mai tambaya

Dole mu faɗi alherin Sardauna. Ya kafa jami'a a Zariya a 1962. Yana da ministoci Kirista, irin su Michael Audu Buba, likitansa na kansa kuwa Ishaya Audu ne. Amma mai mulkin da ba mai yi masa tambaya yana cikin hatsari, ko da shi mutumin kirki ne. Daga 1963 zuwa 1965 Firimiya ya yi ta rangadin musuluntarwa da nauyin ofishinsa, a majalisa kuwa masu iya tashi su ce a raba aikin gwamnati da wannan ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Sai masu bi suka kafa Ƙungiyar Kiristocin Arewa a 1964, cikin shugabanninta har da Jolly Tanko Yusuf, wanda shi kansa ɗan N.P.C. ne.

Ran 15 ga Janairu 1966 soja suka kashe Sardauna a Kaduna, da Tafawa Ɓalewa a Ikko. Kada kowa ya ce wannan amsar addu'a ce. Kisan kai ne, ya kuwa jawo kashe-kashen 1966 da yaƙin basasa na wata talatin. Aka rufe majalisar, aka soke jam'iyyun duka, fartanya da tauraro tare. Ran 27 ga Mayu 1967 Yakubu Gowon, ɗan mai bishara wanda ya tashi a Wusasa, ya raba ƙasar jiha goma sha biyu, Arewa ta zama shida, ɗaya daga cikinsu Binuwai da Filato. Abin da kujeru tara suka yi ta roƙo a ke yi musu dariya, ya zo bayan shekara shida. Ba da daɗewa ba kuma aka karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e, abin da 'yan Nefu suka sha ɗauri a kansa. Yau Arewa jiha goma sha tara ce. Majalisar nan ta Gusau mai kujeru 24, wadda Bungudu ke da biyu a ciki, ta Gabas da ta Yamma, jikar wancan roƙo ce da aka ka da.

Mu ma a zamaninmu mun ga yadda lissafin kujeru ke juyawa. A 2019 aka ce A.P.C. ta cinye kome a Zamfara. Ran 24 ga Mayu Kotun Ƙoli ta soke ƙuri'unta domin ba ta yi zaɓen fid da gwani bisa ƙa'ida ba, kusan dukan kujerun suka koma hannun waɗanda suka zo na biyu. Da magoya bayan na biyu sun zauna gida, da wa za a ba?

To, me za mu yi?

Ekklesiya ba ta da jam'iyya, bai kuwa kamata mai wa'azi ya ɗaga alamar wata a kan bagade ba. Dikko yana gefe ɗaya, Tarka yana wancan, Lot ya bi tasa hanya, dukansu kuwa masu shiga sujada ne. Mai bi na Bungudu a 1961 ba shi da akwatin da aka rubuta wa Kirista, yau ma ba shi da shi. Abin da ya ke da shi shi ne ya auna mutanen da ke gabansa: wa zai yi magana a kan ƙauyukan da 'yan bindiga suka tasa, wa zai duba makaranta da asibiti, wa ya taɓa riƙon amana ya mayar. In ka auna, ka shiga ka faɗi abin da ka gani, ko da ka san za a ka da kai. Ƙuri'a shaida ce, doka ta tara kuwa ta hana shaidar zur. Wanda ya karɓi kuɗi ya dangwala wa mutumin da ya san ɓarawo ne, ya yi shaidar zur a wurin da ba mai ganinsa sai Allah. In yunwa ce ta sa ɗan'uwa ya miƙa hannu, wannan laifin ya shafe mu duka, dattawan ikilisiya su duba rumbun taimako tun kafin motocin 'yan siyasa su iso.

Iyayenmu na Zumuntar Mata, ku ne a ke fara nema da atamfa da sabulu. Ku sani a dukan zaɓen nan da muka lissafta, na 1951 da 1956 da 1959 da 1961, ba mace ko ɗaya a Arewa da ta jefa ƙuri'a, alhali matan kudu suna jefawa. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta shiga kurkuku ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba tana neman wannan. Sai a 1976 aka buɗe muku ƙofa. Abin da wata ta biya da fatar bayanta, kada a saye shi a hannunku da turmi ɗaya.

In kuwa an ƙidaya wanda kuka ƙi shi ya ci, shi ne wakilinku. Ku sa sunansa cikin addu'ar ranar Lahadi kamar yadda aka umurce mu cikin 1 Timoti 2, ku je ku gaishe shi, ku kai masa kukan rijiyar unguwa tare da maƙwabtanku Musulmi, gama ruwa ɗaya ku ke sha. Ku tuna a ƙarshen surar soja sun so su kashe 'yan sarƙa duka kada su tsere, jarumin nan da ya ƙi jin Bulus a Karita shi ne ya hana su, saboda Bulus.

Masu bi da wannan darasi a aji, ku karanta surar duka da babbar murya kafin a fara. Sa'an nan in akwai tsoho a garinku wanda ya jefa ƙuri'a a 1959 ko 1961, ko Kirista ne ko Musulmi, ku je ku same shi, gama duk wanda ya rage cikinsu ya haura shekara tamanin. Ku tambaye shi akwati nawa ya tarar a cikin ɗakin, da wanda ya gani tsaye a bakin ƙofa.